Aikin Isiyaku

Ku duka kun tashi kun tarar da wata magana a bakin mutanen garin nan. Idan magini ya ɗaga katanga ta karkace, ko tela ya yanka yadi ya gaza, sai a ce ya yi aikin Isiyaku. Ke Binta na sha jin kina faɗinta in tuwo ya yi miki gudaji. Kai ma Nasiru ka taɓa jefa wa wani bakanike ita a gabana a tashar Ɗanbatta, har na taya ka dariya. Babu ɗayanku da ya taɓa tambayata wane ne Isiyakun, kuma da kun tambaya a wancan lokacin, ƙarya zan yi muku. Yanzu kun watsu, kowa yana garin da abincinsa ya kai shi, kuma labarin abin da na yi a masallaci bana ya iske ku gutsi-gutsi ta waya. Na ga ya fi kyau ku ji shi daga hannuna, tun daga tushe. Karatuna bai yi nisa ba, kun sani. Abin da zan iya shi ne in faɗi abu yadda ya faru, shi ɗin ma sai da na tsufa na koya.

Na tafi Kano da takardar gama firamare kaɗai, na samu aikin masinja a wani kamfanin matse man gyaɗa. Kamfanin yana da manomansa da ya yi wa rajista a ƙauyuka. Kafin damina ya ba su ingantaccen iri, da kaka kuma ya saye abin da suka noma. Sunayen manoman nan duka, da na ma'aikata, da bayanin kayan da ke kowane sito, suna cikin wata babbar kwamfuta guda ɗaya a hedkwata. Mu Giwa muke ce mata. Akwatunan ƙarfe ne a jere, sun fi mutum tsawo, sun cika ɗaki guda. Dole ɗakin ya zauna da sanyi kullum, in ba haka ba ta tsaya, kuma ba a shiga da takalmi. Duk sanda aka aike ni wajen, sai in ɗan tsaya a bakin gilashin ƙofa ina kallon faya-fayanta suna juyawa. Wata rana mutumin da yake rubuta mata umarni ya buɗe ƙofar ya same ni a tsaye. Siriri ne, ya ɗan girme ni, da rigar sanyi a jikinsa ana tsakiyar bazara.

"Kai masinja, kallon me kake yi? Ba talabijin ba ce."

"Ranka ya daɗe, mamaki nake me take ci."

"Dizal da haƙurin mutane. Cire takalminka ka shigo."

Wannan shi ne Isiyaku. Shi ya koya mini ɗora faifai da sauke shi, ya koya mini buga rubutu da yatsu goma, ya yi ta zarya ofishin manaja har aka cire ni daga masinja aka mai da ni mai kula da Giwa. Fiye da shekara ashirin muna cin abincin rana a kwano ɗaya a gindin wata bishiyar darbejiya da ke bayan ofis. Yana ce mini Baƙauye, ina ce masa Ɗan birni. Ɗaki guda na kama a Kano, ku kuna nan gida tare da mahaifiyarku Hadiza, sai Asabar nake zuwa. Daga Litinin zuwa Juma'a, in aka cire gaisuwa, ba ni da wanda nake magana da shi sai shi da ƙugin injin nan. Mahaifiyarku takan ce ina dawowa da sanyi a jikina kamar kifin firji.

Ga abin da nake so ku fahimta sosai, don a kansa komai ya rataya. Idan za a shigar da manomi cikin Giwa, akwai gurabe da ake cikewa: suna, sunan uba, gari, girman gona, sai gurbin lambar waya a ƙarshe. Waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka kowa a duniya yana da waya. A lokacin kuwa ko dagacinmu ba shi da ita. Ni kuma ina da wata damuwar da ba su sani ba. A garinmu kaɗai akwai Haruna Sale uku: Haruna Dogo, Haruna Maƙeri, da yayana, baffanku, wanda ake kira Haruna na Bakin Rijiya. Musa Ibrahim kuwa ba a magana. Mu a gida ba mu taɓa ruɗewa ba, don ba da sunan takarda muke kiran juna ba. Sai na yi dabara: na riƙa rubuta laƙabin mutum a gurbin wayar da ke zaune babu komai. Ban tambayi kowa ba, ban kuma rubuta a ko'ina cewa haka nake yi ba, don ban ɗauke shi wani abu ba. Idan na buga jerin sunaye na aika sito, mai sito ya duba ƙarshen layi ya kira, "Haruna Sale, Dogo!" Mutum ɗaya ya tashi. Manya a hedkwata ba sa ganin jerin, jimla kawai ake kai musu. Isiyaku ma aikinsa a cikin cikin Giwa yake, ba a kan sunayen manoma ba.

Sai Giwa ta tsufa. Waɗanda suka ƙera ta suka daina yin kayan gyaranta. In wani abu ya ƙone, sai an ɗauko wani dattijo daga Legas, a biya masa jirgi da masauki, wani lokaci mu yi mako muna jiransa. Janareta yana shan dizal ba don komai ba sai don ɗakinta ya yi sanyi. Waɗanda suke fitowa daga jami'a ba su san yarenta ba, ba sa ma son koya. Rassan kamfani kuwa sai sun tara takardu sun sako a mota zuwa Kano kafin a shigar da komai. Aka kafa kwamiti ya duba ko a ci gaba da riƙe ta, ko a sallame ta a sayo wasu ƙananan na'urori da ake kira saba, a ajiye ɗaya a kowane reshe, suna magana da junansu ta waya. Wata da watanni ana wannan muhawara, ni kuma akan kira ni in zauna a kujerar baya ko za a buƙaci wani bayani. Manajan kuɗi yana cewa Giwa an riga an biya ta tuntuni, kuma ba ta taɓa ɓatar da sunan kowa ba. Ya lissafa abin da sababbin za su ci: kuɗin sayensu, sola da batura a kowane reshe, mai gadi don kada a sace, koyar da akawuna, da abin da ya fi tsorata shi, wato kwashe bayanan shekaru daga tsohuwa zuwa sababbi ba tare da wani abu ya zube a hanya ba. Isiyaku kuwa, wanda ya fi kowa saninta, shi ne ya tsaya kan a sallame ta.

"Ina son ta fiye da duk wanda ke ɗakin nan," in ji shi. "Amma ranar da za ta mutu ba za ta yi sallama ba, kuma duk abin da muka mallaka yana cikin cikinta. Ƙananan nan in ɗaya ta faɗi, sauran suna tsaye. Gara mu sauke kaya tana da rai."

Duk abin da ake faɗa a ɗakin nan, abu ɗaya kunnena ya riƙe: sababbin ba sa buƙatar mai ɗora faifai. Akawun kowane reshe shi zai riƙa shigar da manomansa da kansa. Na dubi takardar da suka jera riba da asara a kai, ban ga sunana a kowane gefe ba. Isiyaku ya lura da fuskata. A gindin darbejiya ya ce mini ya riga ya yi magana, za a sama mini wuri a sabon tsarin, in kwantar da hankalina. Na ce to. Amma ban yarda ba. Zan iya ce muku tsoron abincinku ne ya kama ni, kuma akwai wannan a ciki, sai dai ba shi ne duka ba. A garin nan ana ce mini Malam Sabo na kwamfuta. In na sauko daga mota ranar Asabar, dattawan da suka haife ni suna matsa mini wuri a tabarma. A kamfani kuwa, in Giwa ta yi gardama, manaja da kansa yake tsayawa a bakin gilashi yana jiran in ɗaga masa hannu. Wannan girman ne na ji ba zan iya rabuwa da shi ba. Na shekara ina kiransa kula da iyali, amma sunansa son girma.

A ƙarshe kwamiti ya yanke a yi gwaji a reshe guda, a rabon irin wannan shekarar. In ya yi kyau, a sallami Giwa. In ya ɓaci, a bar maganar. Isiyaku ya zaɓi reshen Ɗanbatta, ya kuma faɗi dalilinsa a gaban kowa: yankin Sabo ne, ya san mutanen ɗaya bayan ɗaya, in an yi kuskure zai gani da wuri. Saura kwana kaɗan a kwashe bayanan, muna cin shinkafa da wake da rana, ya fito da ɗan littafinsa ya yi mini bayanin yadda sabon tsarin yake. Ya ce yanzu da salula ta fara shiga ƙauyuka, gurbin waya zai yi aikinsa na gaskiya, lamba kaɗai zai karɓa, duk abin da ba lamba ba zai zubar. Ya ce kuma manya sun yi ƙorafin wasu manoma suna yin rajista sau biyu don su karɓi iri biyu, saboda haka duk inda suna da sunan uba da gari suka zo ɗaya, babu abin da ya bambanta su, za a haɗe su a mai da su mutum guda. Kafin ya rufe baki na ga Haruna uku sun zama ɗaya a idona.

"To Baƙauye, ga tambayata. Akwai wani gurbi da kake amfani da shi ba yadda aka tsara ba? Ko ƙanƙane ne, faɗa mini."

Loma tana hannuna. Na tuna har na dube ta.

"Babu," na ce.

"Ka tabbata?"

"Shekara nawa ina wannan aikin, Ɗan birni?"

"Shi ya sa kai na tambaya, ban tambayi takarda ba."

Ya ja layi a littafinsa, ya tura mini sauran naman da ke kwanon. Na ci. Abin da na faɗa wa kaina shi ne, kuskuren zai fito cikin kwana biyu, kwamiti ya tsorata, a koma wa Giwa, babu wanda zai cutu. Ni da aka haifa a gona, na yi wannan lissafin ban sa ruwan sama a ciki ba.

Da jimlar da sabuwar na'ura ta bayar aka auna irin da aka kai Ɗanbatta, sauran aka rarraba wa wasu rassan. Ranar rabo ban je ba, na ce aiki ya riƙe ni. An ba ni labari mai sito ya duba takarda ya kira Haruna Sale, mutum uku suka miƙe, buhu ɗaya a ƙasa. Ya duba ƙarshen layi, wayam. Ya ba Maƙeri don shi ya fi kusa da teburi. Haka aka yi ta yi har yamma, kowane suna mutum biyu ko uku suna tashi. Da ƙorafi ya iso Kano, manya suka ce ai masu rajista biyun ne asirinsu ya tonu, a ƙyale su su yi ta surutu. Ina zaune a kujerar baya na ji wannan, na bar su a kan haka. Mutanenmu kuma tun da kamfani ya fara ba da iri suka daina ajiye nasu, don na kamfanin ya fi yi. A wannan makon ruwan shuka ya sauka, mai kyau, irin wanda ake kwana biyu ƙasa tana ƙamshi.

Ranar Asabar na tarar da Yaya Haruna yana jirana a zaure. Ya riga ya yi huɗar gonarsa ta gyaɗa da shanunsa biyu, kunyoyi a miƙe, babu abin zubawa. Bai iya faɗa ba, shi mutum ne mai sanyin magana.

"Sabo, kai ne a ciki. Wai sun ce ni ba ni ba ne. Shekara nawa kana rubuta ni?"

"Yaya, sabuwar na'ura ce. Ni an cire hannuna."

"To wa ya kawo ta?"

"Wani ne a ofishinmu. Isiyaku."

Akwai mutane a zauren, sun ji. Ta nan sunan ya shigo garin nan, daga bakina. Mutumin da bai taɓa taka ƙauyenmu ba sai sau ɗaya, ranar sunanki Binta, da ya zo da turmin atamfa ya zauna a ƙasa ya ci tuwon dawa yana ta santi.

Sai da aka yi mako uku, dagatai suka haɗu suka je hedkwata da kansu, sannan aka yarda mutanen nan na gaske ne. Aka dakatar da Isiyaku, aka hana shi shiga ɗakin Giwa har a gama bincike. Aka ce ni in buga tsohon jeri. Na buga, na naɗe, na kai sito da hannuna don kada ya bi ta teburin kowa. Aka yaba mini, manaja ya ce ga amfanin tsohon hannu. Amma iri ya riga ya shiga ƙasa a wasu rassan, ɗan abin da aka tattaro ya zo a makare. Wanda ke kasuwa ya yi tsada, kuma gauraye ne. Yaya ya zuba wake a kunyoyin gyaɗarsa don kada su tashi a banza. Da rani ya sayar da sa ɗaya, kuma har ya bar duniya bai sake haɗa biyu ba. Shi ya sa kuka tashi kuka ga yana aron na maƙwabta. A gaban kwamiti aka tambayi Isiyaku me ya faru. Ya ce bai gano ba tukuna, amma shi ya kawo shawarar, shi ya yi aikin, kada a nemi kowa. Aka sallame shi. Ya zo bakin gilashi ya ɗaga mini hannu, don ba shi da izinin shiga. Na ɗaga masa nawa daga ciki.

Mahaifiyarku ba ta yi boko ba, amma ita kaɗai ta dube ni da kyau a wannan shekarar. Wata Asabar ta zo ɗaukar kwano ta tsaya a kaina.

"Malam, mutumin da ya ɗauke ka daga masinja ake zagi a ƙofar gidanka, kana ji ba ka cewa komai?"

"Ke ba ki san sha'anin ofis ba."

"Ban san ofis ba, amma na san ka. Tun da aka yi abin nan ba ka ƙara cinye tuwonka ba."

Na daka mata tsawa, ta ɗauki kwanonta ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ni kuma na koma ɗakina mai sanyi da na saya da wannan tsada. Na daina zuwa gindin darbejiya, a bakin ƙofar ɗakin nake cin abinci ni kaɗai. Giwar da na yi duk wannan dominta ba ta cika shekara uku ba. Wani abu ya ƙone a cikinta, dattijon Legas ya riga ya ajiye aiki, aka yi da ƙyar aka tashe ta na ɗan lokaci. Kamfani ya ɗauko mutane daga waje a gurguje su kwashe bayanan zuwa sababbin na'urori, ya kashe kuɗin da ya fi wanda aka yi ta jayayya a kansa da farko. Shugabansu ya yi mini tambayar nan ta Isiyaku, kusan kalma da kalma. A wannan karon na faɗa, don babu sauran abin da zan kare. Ya ce abu mai sauƙi ne, ya buɗe sabon gurbi ya sa masa suna laƙabi. Bai ɗauke shi tsawon shan shayi ba. Babu wanda ya haɗa wannan da abin da ya faru a Ɗanbatta, manajojin ma an canza su. Aka sallame ni da takardar godiya. Ina tsaye masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da guduma suka farfasa Giwa suka loda a kura.

Sauran kun sani. Na dawo gida na kama fartanya. Yaya ya rasu, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari, ban faɗa masa ba. Mahaifiyarku ta bi. Ku kuka yi aure kuka tafi. Gidan ya yi mini faɗi, kuma a cikin shirun nan babu abin da nake ji da ƙarfi kamar maganar nan in ta tsallako danga: aikin Isiyaku, aikin Isiyaku. Waɗanda ba a haifa ba a wannan shekarar ma suna faɗa. Na yi istigfari iya yina, amma duk malamin da na saurara abu ɗaya yake cewa game da haƙƙin mutum, kuma na san shi tun kafin in ji.

Bayan girbin bara na shiga mota na tafi nemansa. Da tambaya na gano ya koma unguwar Bacirawa a Kano. Na same shi bayan la'asar a kan tabarma a ƙofar wani ɗan gida, ya rame, gashinsa ya yi fari fat, da tabarau mai kauri. Na yi sallama ya amsa, ya daɗe yana dubana.

"Ɗan birni," na ce.

"Sunana Isiyaku. Zauna."

Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar ba. Na faɗa masa duka, tun daga lomar da ke hannuna har zuwa abin da na faɗa wa Yaya a zaure. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya shiga gida, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa, irin mai huji-huji a gefe da Giwa take bugawa. Ya shimfiɗa ta a gabana ya ɗora yatsa a ƙarshen layi. Dogo. Maƙeri. Na Bakin Rijiya.

"Wata huɗu bayan an sallame ni abin ya hana ni sukuni, na biya kuɗin mota na je siton Ɗanbatta da kaina. Mai sito ya ba ni wannan. Kallo ɗaya na yi mata."

"Me ya hana ka kai musu?"

"Sau biyu ina zuwa har bakin ƙofar kamfanin. Sai in tuna ni na ce ka cire takalminka ka shigo. Na ce bari in jira, zai zo da ƙafarsa. Ban zaci jiran zai kai haka ba."

Ya ce bai sake samun aiki irin nasa ba, don labarin ya riga shi zuwa duk inda ya nema. Ya yi ta buga wa mutane takardu a wani shago har idonsa ya gaza. Ya faɗi wannan ba da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin wani. Sai da ya zo kan abu ɗaya muryarsa ta canza.

"Wata rana ina cikin motar Ɗanbatta, direba ya faɗa rami, wani fasinja ya ce masa, kai malam, kada ka yi mana aikin Isiyaku. Mota duka ta yi dariya. Ina zaune a bayansa, Sabo. Gwiwata tana taɓa kujerarsa."

Na kasa ɗaga kai. Na ce ya yafe mini don Allah.

"Abin da ke tsakanina da kai na yafe, tun ba yau ba, don ina son in kwanta da sauƙi. Amma sunana ba a nan ka ɓata shi ba."

Bai ce in kwana ba, ban kuma sa rai ba. Na dawo na yi wata biyu ina juya maganar, kowace Juma'a in ce sai ta gaba. Ranar da na yi, na sami liman tun da safe na roƙe shi ya tsayar mini da mutane bayan an idar. Na miƙe a gabansu. Na ce shekarar da iri ya yanke, ba na'ura ce ta cinye sunayensu ba, ba kuma Isiyaku ba ne. Ni na san abin da zai faru, aka tambaye ni na ɓoye, don kada in rasa kujerata. Na ce duk wanda gonarsa ta kwana a wannan shekarar, ni ne. Na kira waɗanda nake tunawa da laƙabinsu, masu rai da matattu, har na zo kan na Bakin Rijiya. Haruna Dogo, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya ce, "Ashe." Liman ya yi addu'a, wasu suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ado, babban ɗan Yaya, ya tashi ya sa takalminsa ya fita bai dubi kowa ba.

Babu wanda ya zage ni, kada ku ji an ce an yi. Ana gaishe ni, sai dai gaisuwar ta gajarce. Dattawan da suke zama a zaurena bayan la'asar sun koma gindin tsamiyar kasuwa, ni ma ban bi su ba. Kafar da ke jikin danga tsakanin gidanmu da na Yaya, wadda kuka tashi kuna bi, Ado ya toshe ta da sabon kara. Kada ɗayanku ya yi masa magana a kai. Yana da shekarun da zai tuna ranar da aka ja san ubansa zuwa kasuwa.

Na sa aka nemo mini lambar Isiyaku na kira shi.

"Na faɗa," na ce.

"A gaban mutane?"

"A masallaci, ranar Juma'a."

Ina jin numfashinsa.

"To, Baƙauye," in ji shi. Ya kashe.

Bai sake kira ba, ni ma ban dame shi ba. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗar da zan ajiye iri, sai na ji matan gidan Ado ta bayan danga. Ɗaya ta sauke tukunya, na ji ta ce, "Wayyo, ku zo ku gani, yau na yi aikin Sabo." Suka kwashe da dariya. Ban yi tari don su san ina nan ba. Na ci gaba da ɓarata har dariyar ta lafa.

In kun zo gida kuka ji ana faɗa, zai yi muku zafi, don sunan ubanku ne. Kada ku yi faɗa da kowa, kada kuma ku gyara wa kowa. Ba su yi kuskure ba. Wannan karon an kira suna, kuma mai shi ne ya tashi.